Turaren Wuta a Mashayar Maureen

'Yan matan da ake turo mana koyon aikin jinya yanzu ba sa yarda idan na ce musu na riski lokacin da mutum zai zauna a cikin gidan abinci a Landan, ya kunna sigarinsa, ya busa wa na kusa da shi hayaƙi a kan shinkafarsa, kuma babu mai ce masa kanzil. Sai su dube ni kamar na ce na yi zamani da Turawan mulkin mallaka. Wata ma haihuwar nan ce, iyayenta 'yan Zariya, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ta ce wai ƙarin gishiri nake yi. Ni kuwa ba labari aka ba ni ba. Tokar sigarin mutanen Lewisham da hannuna na kwashe ta, kuma da ita na yi karatu.

Zangona na farko Camberwell ne. Wani ɗan garinmu da ake ce wa Alhaji, ko da yake ban taɓa jin wanda ya raka shi filin jirgi ba, shi ya yi wa Baba alkawarin masauki. Har hoto ya aiko: ɗaki da taga, da gado, da labule mai furanni. Da na iso, labulen kaɗai na samu gaskiya. Falo ne aka raba biyu da shi, ni a ɓari ɗaya a kan katifa, ɗaya ɓarin kuma wata mata 'yar Saliyo mai munsharin da ke girgiza labulen. Da na yi magana, Alhaji ya ɗaga kafaɗa.

"Ke Zulai, nan London ce fa, ba Nguru ba. Mutane queue suke yi a kan wannan space ɗin. In ba kya so, yau ɗin nan sai in yi cancel."

Na haɗiye maganata, don ban san kowa ba sai shi.

Kewar gida ta hanci take kama ni. Garin nan bai da ƙamshin komai sai jiƙaƙƙen siminti da soyayyen dankali. A ƙasan akwatina akwai wata kwalba da Inna ta cika mini da turaren wuta na haɗin hannunta: sandal da hawi da gab-gab, an jiƙa su da turare an dafa da sukari har sun yi baƙi suna ƙyalli. A gidanmu ba a cewa an gama shara sai an zagaya da kasko. Nan kuwa ina zan kunna wuta a bayan labulen mutane? Sai dai in buɗe kwalbar in shaƙa, in yi kukana, in rufe in mayar.

Baba ya sayar da gonarsa ta bakin kogi ya biya mini shekarar farko. Abin da ya biyo baya, haya da ci da sauran karatu, a wuyana yake. Ga shi awannin da aka yarda ɗalibi ya yi aiki ƙalilan ne, ga jadawalin makarantar jinya kullum cikin sauyawa: wannan watan aji da safe, wancan watan asibiti da rana. Na yi aiki a shagon soya kaji, jadawali ya sauya, aka sallame ni. Na yi a wani gidan kula da tsofaffi, jadawali ya sauya, aka ce in tafi za a kira ni, har yau ina jiran kiran. Lissafin a bayyane yake: in babu aiki babu haya, in babu haya babu karatu, sai in koma Nguru hannu rabbana in kalli idon mutumin da ya sayar da gonarsa.

A kasuwar Lewisham Allah Ya haɗa ni da Mma Memuna. Ina tsaye gaban mai kuɓewa ina juya ta ina ajiyewa, sai na ji wata dattijuwa tana zazzaga wa wani faɗa a waya da Hausa. Ban san lokacin da na ce mata "Sannu, Mama" ba. Ta sauke wayar ta ƙare mini kallo.

"Kai ɗan ina ne?"

Na waiga in ga namijin da take wa magana, babu kowa sai ni. 'Yar zangon Kumasi ce, kuma a Hausarsu mace da namiji duk kai ne, duk shi ne. Kafin mu bar kasuwar ta ji labarina kaf, ta tsine wa Alhaji, ta sa na ɗauki mata jaka har flat ɗinta na council, wato gidan ƙaramar hukuma, a hawa na huɗu. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki da 'yarta ta bari da ta yi aure. A makon na kwaso akwatina.

Ita ce kuma ta kawo maganar aiki. Shekara goma sha biyu tana share wata mashaya a bayan babban titi, yanzu gwiwoyinta sun ƙi.

"Pub, Mma?" Na dafe ƙirji. "Gidan giya?"

"Kai ba za ka sha ba, ba za ka zuba ma kowa ba. Shara za ka yi da safe, kafin su buɗe. Maureen shi mutum ne mai kirki. In kana da wani aiki da ya fi shi, ka nuna mini."

Ba ni da shi. Na kwana biyu ina juya abin a raina, na yi istigfari, na bi ta.

Maureen 'yar Ireland ce, gajeriya, mai farin gashi da muryar da ta dushe. Mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune a saman mashayar, ginin kuma na wani kamfani ne da ke da irinta da yawa. Shekara talatin tana tsaye a bayan kantar sayar da giya, ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba. Na gaya mata sharaɗina, cewa ba zan taɓa kofi ko kwalba ba. Ta ce, "Kofuna nawa ne, ƙasa taki ce." Sannan ta karɓi jadawalina ta manna a jikin firji. Daga ranar, duk sanda makaranta ta sauya mini lokaci, sai ta sa tabarau ta duba takardar ta ce in zo ƙarfe shida maimakon bakwai, ko in bar na Talata in haɗa ranar Asabar. A duk faɗin Landan ban ga mai yi mini haka ba sai ita.

Aikin kuwa rabinsa toka ne. Faranten toka a kan kowane tebur, cike taf, wasu an tsoma guntayen a cikin sauran giya. Toka a kafet, toka a kujeru, toka a bakin taga. Sai in kwashe, in wanke, in goge, in bi kafet da injin shara, awa uku cur. In na fito, hijabina da gashina da littattafaina duk sun ɗauki warin taba. A aji wata 'yar Filifin ta taɓa ja da kujerarta ta ce mini, cikin tausayi, ya kamata in rage shan sigari. Ni Zulai, da ko goro ba na ci! Inna kuwa na gaya mata a gidan abinci nake aiki. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don Maureen na gasa dankali da rana.

Ranar Asabar nakan kai har lokacin buɗewa, a nan na san tsofaffin da ke zama a kusurwa. Shugabansu Ron, tsohon direban bas, dogo, yatsunsa biyu sun rine sun zama ruwan goro. Tun ban ci jarrabawa ko ɗaya ba yake kirana Nas. A lokacin ne gari ya ɗauki maganar dokar da za ta hana shan sigari a mashaya da gidan abinci da duk inda jama'a ke taruwa ƙarƙashin rufi. Rediyo ita, jarida ita, cikin bas ita. A kusurwar Ron kuwa sai ka ce yaƙi za a yi.

"Yau sigari, gobe su ce gishiri," in ji shi, yana buga tebur. "Wa ya tilasta wa wani shigowa nan? Ƙofa a buɗe take, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita." Sai ya juyo gare ni. "Nas, ke ce mai karatu. Faɗa mini gaskiya, me ya fi saurin kashe tsoho, sigari ko zaman ɗaki shi kaɗai? Tun da matata ta rasu, nan ne kawai ake kiran sunana."

Na ci gaba da goge teburin da na riga na goge.

A gida na kai wa Mma Memuna maganar. Tana yanka albasa, ta ajiye wuƙar.

"Ron shi ya zaɓi ya sha. Ni wa ya tambaye ni? Shekara goma sha biyu ina shaƙa, ban sayi kara ɗaya ba, ga tari kullum da asuba. Mai shiga ya shiga? Mai aiki fa, shi ma yawo ya zo? Su hana. Ko yau su hana."

Maureen ita ba ta shiga gardamar. Da na tambaye ta ra'ayinta, sai ta ce, "In sun fita waje shan taba, ban sani ba ko za su dawo ciki." Ta ci gaba da jera kofunanta.

Wata Asabar Ron ya zo da takardar koke, wai za a kai wa 'yan majalisa. Kowa ya sa hannu, ya miƙo mini biro. A makon nan nake ɗakin masu ciwon ƙirji a asibitin Camberwell. Kwana biyu kafin nan na riƙe wa wani mutum kwano yana tari kamar ransa zai fita, matarsa na shafa masa baya. Na san abin da hayaƙi ke yi, na gani da idona. Amma na kuma san in toka ta ƙare, rabin aikina ya ƙare. Na karɓi biro na rubuta sunana. Kunyar wannan rubutun har yau ban gama jin ta ba. Mma da ta ji ta wanke ni tas, ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta ce uffan ba.

Koken bai hana komai ba. Ranar wata Lahadi a tsakiyar bazararsu doka ta fara aiki. Litinin da na shigo, an tattara faranten toka a kwali an tura ƙarƙashin matakala, an manna jar alama a ƙofa. Cikin awa ɗaya na gama aikin awa uku. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina neman abin sharewa.

Sai kuma wani abu da babu wanda ya hango, daga 'yan majalisa har Ron. Ashe hayaƙin nan rufin asiri yake yi. Da ya tafi, sai mashayar ta fara fito da warinta na gaskiya: tsohuwar giyar da kafet ya sha shekara da shekaru, zufar kujeru, hamamin bayan gida, har da karen wani da ya mutu tun kafin in zo. Na wanke, na fesa, na zuba duk maganin da ke cikin kabad, kamar ƙara shi nake yi. Mutum zai turo ƙofa ya yamutsa fuska ya juya. Waɗanda aka ce za su fara zuwa da iyalansu tunda babu hayaƙi, ba mu ga ƙeyarsu ba.

A mako na biyu mutumin kamfani ya zo, da kwat da jaka. Ina durƙushe a bayan kujeru ina jin su. Ya ce ciniki ya faɗi, kuma wurin da babu toka ba ya bukatar mai shara kullum, sau biyu a mako ya isa, akwai masu kwangilar da ke yi wa sauran mashayunsu. Maureen ta ce za ta yi tunani. Ni kuwa saura mini kusan shekara guda in gama.

Na yini ina tunani a aji, ban ji ko kalma ɗaya daga bakin malamar ba. Matsalar wari ce, ko ba haka ba? To wari ai ba baƙon abu ba ne wurin 'yar Nguru. Ɗakin da aka yi jego, ɗakin da maras lafiya ya daɗe, ɗakin da ruwa ya shiga, duk kasko ɗaya ke gyara su. Waɗannan mutane da feshinsu mai ƙamshin lemo ba su san komai ba. In na gyara wurin nan, mutane suka dawo, Maureen za ta ga ba ta da kamar ni. Ban yi shawara da kowa ba, har Mma, don na san abin da za ta ce.

Ranar Alhamis na zo ƙarfe shida da kwalbar Inna a jaka da gawayin da na saya a shagon wani Balarabe. Maureen tana sama ba ta tashi ba. Na hura gawayin a kan murhun kicin har ya yi ja. Ba ni da kasko, sai na ɗauki wata tsohuwar tukunyar suya, na kuma zaro manyan faranten toka guda biyu na ƙarfe daga cikin kwalin nan. Ɗaya a tsakiya, ɗaya a kusurwar Ron, ɗaya a bakin bayan gida. Sannan na yi yadda Inna ta koya mini, don turare ba ya kama ɗakin da iska ke shiga: na rufe tagogi ruf, na saki labule, na toshe ƙasan ƙofofi da tawul. Na buɗe kwalbar da na yi wata goma sha takwas ina tattalinta, na zuba da hannu sake.

Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, a hankali. Na tsaya a tsakiyar mashayar Turawa na lumshe ido, sai ga ni a ɗakin Inna ranar Juma'a, an yayyafa ruwa a tsakar gida, Baba yana neman hularsa. Wallahi ban taɓa jin daɗi a garin nan kamar na waɗannan 'yan mintoci ba.

Sai ƙararrawar gobara ta ɗauka.

Wanda bai taɓa jin ta a rufaffen ɗaki ba ba zai gane ba. Na rikice, na rasa ta inda zan fara. Maimakon in buɗe taga, sai na jawo kujera na hau tebur, na ɗauki jiƙaƙƙen tawul ina ta bugun abar da ke ihu a jikin silin, ina goge ta, ina roƙonta da Hausa ta yi shiru. A haka Maureen ta same ni, ta sauko da rigar barci, ƙafa ba takalmi, tana tari tana kiran sunan Maryamu kamar a coci. Kafin in yi bayani motar 'yan kwana-kwana ta iso, don maƙwabta sun riga sun kira. Suka banko ƙofa, hayaƙi ya yi waje gaba ɗaya. Ron, da ya fito sayen jarida, ya tsaya a tsallaken titi yana tafi yana ihu, "Maureen ta yi tawaye! Allah Ya yi miki albarka, Maureen!"

Suka kwashe gawayina suka zuba masa ruwa a bakin titi, turaren Inna ya bi kwata. Babbansu ya yi mini faɗa mai tsawo a kan wuta da rufaffen ɗaki, kuma da gaskiyarsa. Wani ƙaraminsu kuwa da za su tafi ya matso ya tambaye ni a hankali ko ana sayar da abin, don matarsa za ta so. Da rana wata ma'aikaciyar council ta zo, an kai ƙara wai ana shan taba a mashaya, ga faranten toka a matsayin shaida. Maureen ta sha fama kafin matar ta yarda ba taba ba ce.

Da kowa ya watse, na tsaya a gaban Maureen tsamo-tsamo ina jiran sallama. Sai na ga ba ni take kallo ba, sama take kallo. Inda na yi ta goga da tawul, kewaye da ƙararrawar, wani dogon zane ya fito fari tas. Ni duk zamana a wurin na ɗauka silin ɗin fentin ruwan ƙasa aka yi masa, irin launin shayi da madara.

"Fari ne," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Mijina ya yi masa fenti da hannunsa shekarar da muka zo. Na manta fari ne."

Ta ce in tafi makaranta, za mu yi magana gobe. Ban ci abinci ba ranar. Mma ta ji labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ga fuskata ta daina.

Washegari na tarar da mutumin kamfani ya riga ni zuwa. Suna ɗakin baya, ƙofa a rufe, sun fi rabin awa. Ya fito ya wuce ni ko kallo babu. Na ce shi ke nan. Maureen ta fito fuskarta ba yabo ba fallasa, ta je gaban firji ta sa tabarau ta tsaya kan jadawalina.

"Yaushe za ki gama karatun nan gaba ɗaya?"

"Watan shida na baɗi."

"To. Silin ɗin nan wanke shi za a yi, daga wannan bango zuwa wancan, da hannu. Ba zan rufe shago don masu fenti ba. Akwai tsani a ɗakin baya." Ta cire tabarau ta dube ni. "Babba ne, Zu. Kada ki yi sauri. Kuma in kika sake kunna mini wuta, ni da kaina zan kai ki filin jirgi."

Haka na shiga zangona na ƙarshe a Lewisham, a kan tsani. Kullum in na gama ƙasa sai in hau da bokiti da soso in wanke faɗin tabarmar salla. Ruwan yakan sauko ta hannuna har gwiwar hannu, baƙi-baƙi, mai danƙo, mai ɗaci a hanci. Sai an bi wuri ɗaya sau uku kafin farin ya fito. In na ɗan zarce, Maureen ta ɗago kai daga bayan kantar ta ce, "Ya isa na yau." Wani lokaci nakan dubi ruwan bokitin in dubi matar da ta yi shekara talatin a ƙarƙashin silin ɗin nan tana numfashi, in tuna da sunana a takardar Ron, in kau da kai.

Azumi ya same ni a kan tsanin. Maureen ta lura na daina shan shayin da take ajiye mini, ta tambaya, na yi mata bayani. Tun daga ranar har aka yi salla ba ta sake shan nata a gabana ba, sai ta ɗauki kofinta ta hau sama. Kayana suka daina wari. Tarin Mma ya ragu, ko da yake ita ta ce zuma ce.

Da sanyi ya shigo, na ga ɗaya gefen maganar. Tsofaffin kusurwa sukan fita bakin ƙofa su tsaya a cikin yayyafi, kwalar riga a ɗage, hannu na karkarwa, su zuƙa da sauri su dawo a jiƙe. Ɗaya bayan ɗaya suka fara ɗaukewa. Ron ya yi ƙoƙari har bayan Kirsimeti, sannan kujerarsa ta zauna babu kowa. Na gamu da shi wata rana a tashar bas da ledar gwangwanayen giya a hannu, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Nas," ya ce, "a gida ba mai korata waje."

Na ce ana tambayarsa. Ya ce wa? Na ce ni. Ya yi dariya, ya ce zai zo ya ga wannan farin silin da ake faɗa. Bai zo ba. Har yau in ɗalibai suka tambaye ni ko dokar ta yi kyau, nakan ce ta yi, don na ga bambanci a ɗakin masu ciwon ƙirji da idona. Amma ba na faɗa da ƙarfi kamar yadda suke so, saboda Ron.

Watan shida ya zo. Ranar da sakamako ya fito na ci, ban tsaya ko'ina ba, daga makaranta sai mashaya, da takardar a hannuna, ƙarfe biyu na rana. Na turo ƙofa na ga kwalaye a kan tebura. An sauke hotunan bango, an naɗe kofuna a jarida. Maureen na zaune a kujerar Ron, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta karɓi takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Yarinyar kirki." Sannan ta ga inda idona yake.

"Ƙarshen wata zan tafi wurin ƙanwata a Ireland. An sayar da ginin. Rushe shi za su yi su gina flat."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. "Yaushe aka sayar?"

"Bara."

"Bara yaushe?"

"Washegarin turarenki. Abin da ya kawo mutumin nan ke nan, ba ke ba. Ya ce in ina so in tafi kafin Kirsimeti, in kuma na ga dama in zauna har yarjejeniyata ta ƙare." Ta ɗaga kafaɗa. "Ƙanwata ta yi ta mita. Na ce mata ina da aikin da ban gama ba."

Na ɗaga kai. Silin ɗin fari fat daga bango zuwa bango, hasken taga na wasa a jikinsa, sai ɗan wuri kaɗan a can kusurwa da na bari don gobe. Wata goma sha ɗaya ina wanke abin da ta san ƙasa za a zubar da shi. Ban tambaye ta daga aljihun wa ake biyana ba, na riga na sani.

"Maureen, don me?"

"An ce za a rushe, ba a ce kada a wanke ba." Ta miƙo mini takardata. "Ajiye wannan kada ta jiƙe. Je ki gida ki kira mahaifinki. Wancan guntun ki bar shi, babu mai gani."

Na sa takardar a jaka. Na je bayan gida na tara ruwa a bokiti, na jawo tsani zuwa kusurwa. Idona ya cika har ban ga matakin farko sosai ba, ƙafata ta zame. Sai na ji tsanin ya tsaya cak. Ta taso ta riƙe shi da hannu biyu, na hau na ƙarasa.